A Tambayi Mai Lalura Kafin A Taimake Shi



Malaman tarihi, cikinsu har da Imam Ɗabari, sun ruwaito cewa Halifa Walidu ɗan Abdulmalik, wanda ya riƙi ragamar mulki a Dimashƙa daga shekara ta 86 zuwa ta 96 bayan Hijira, ya yanka wa kutare abin masarufi daga baitulmali ya hana su roƙon mutane, ya ba kowane gurgu hadimi, ya kuma ba kowane makaho ɗan jagora. Yau fiye da shekara 1300 ke nan da wannan aiki, kuma har gobe gwamnatocin da suka kai ga yin kwatankwacinsa ba su da yawa. Amma duk da girman abin da Halifa ya yi, akwai mas'alar da baitulmali ba ya iya warwarewa, domin ba kuɗi ke sayen ta ba, ita ce yadda hadimin zai yi mu'amala da wanda aka ba shi amanarsa bayan an rufe ƙofa, babu halifa babu alƙali, daga shi sai wanda ba ya iya tashi ya kai ƙara. A kan wannan nake so mu tsaya yau, domin a ƙasarmu galibin hadiman nan ba ma'aikatan gwamnati ba ne, mu ne: mata da miji, 'ya da ɗa, suruka da ƙanwa, maƙwabci da almajirin gida. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum ɗaya cikin shida a bayan ƙasa yana ɗauke da naƙasa mai nauyi, wato da wuya a sami zuri'ar da wannan magana ba ta shafa ba.

Tausayi ba ya cikin abubuwan da muka rasa. Bahaushe ba ya barin makaho ya tsaya a bakin titi ba a tsallakar da shi ba, kuma abin kunya ne a wurinmu a ce tsohon gida ya kwana da yunwa. Abin da ya yi mana ƙaranci shi ne tambaya. Ku lura da abin da ke faruwa a asibiti, ko a banki, ko a gaban mai shago, yayin da aka turo dattijo a keken guragu: sai ka ga ma'aikaci ya tsallake shi da ido, ya dubi yaron da ya turo keken, ya ce, "Me yake so?" ko "Me ke damunsa?", alhali mai ciwon yana zaune, kunnensa yana ji, harshensa yana motsi, watakila ma shi ya biya kuɗin makarantar yaron da ake tambaya. Ƙafa ce ta shanye, amma sai a yi masa hukuncin wanda hankalinsa ya gushe. Haka ake ɗaga wa makaho murya kamar ba ya ji, haka ake yanke wa kurma shawarar aurensa ko ta gadonsa yana zaune a tsakar gida, ba wanda ya ɗauki wahalar juyowa ya yi masa bayani da hannu. Waɗanda suke yin haka ba mugaye ba ne, kuma wannan shi ya sa gyaran yake da wuya, domin mutumin da ya tabbata yana aikata alheri ba ya saurin yarda cewa a cikin alherin nasa akwai cutarwa.

Addininmu ya riga ya yi mana tarbiyya a wannan babi. Kowane ɗalibin tafsiri ya san sababin saukar Suratu Abasa, ya san cewa Abdullahi ɗan Ummu Maktum, makaho, bai zo wurin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, neman sadaka ba, ya zo neman ilimi ne, kuma saboda haƙƙinsa na a saurare shi aka saukar da ayoyin da ake karantawa a cikin salla har tashin ƙiyama. Bayan haka ba a ajiye shi a zaure ana aika masa da tuwo ba. An sa shi ladanci tare da Bilalu, an kuma bar masa limancin Madina ba sau ɗaya ba yayin da Manzo ya fita yaƙi. A zamanin Banu Umayya kuwa, muftin Makka da ake komawa gare shi a kan hukunce-hukuncen aikin Hajji shi ne Aɗa'u ɗan Abu Rabah, wanda masu tarihin malamai suka siffanta da gurgunta da shanyewar hannu, ya kuma makance a ƙarshen rayuwarsa. Al'ummar da ta ɗora wa irin waɗannan bayin Allah limanci da fatawa ba ta da hujjar hana jikokinsu faɗin abin da suke so a dafa musu.

Bari mu sauko ga aiki, mu ɗauki abu mafi sauƙi, wato jagorancin makaho. Da yawa daga cikinmu, in mun ga makaho yana laluben hanya, sai mu cafki bakin sandarsa mu ja, ko mu dafa bayansa mu tura, ba sallama ba gargaɗi, alhali sandar nan da ita yake karanta ƙasa, wanda ya ɗaga ta kuwa ya raba shi da abin da ya rage masa na gane hanya. Ladabin da makafi da kansu suke koyarwa shi ne ka yi sallama, ka faɗi ko kai wane ne, ka ce, "Malam, ina za ka, ko in raka ka?" In ya ce yana so, ka ba shi hannunka ya riƙe wajen gwiwar hannu, ka wuce shi da rabin taki, domin ta motsin jikinka yake gane hawa da gangara, in kun zo kwata ko dakali ka tsaya ka ce masa ga kwata, ko za mu hau, ko za mu sauka, in kun isa ka ɗora hannunsa a kan kujera ya zauna da kansa. In ka ajiye masa abinci ka gaya masa abin da ke cikin kwano, da inda miya take, da inda ka sa ruwa. In za ka tashi ka faɗa masa, kada ka bar shi yana magana da wurin da ba kowa. In kuwa ya ce, "Na gode, na san hanyar," to, ka bar shi, domin ya fi ka sanin lungun da yake bi kullum; mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Wani zai ce, wannan duk mun ji game da wanda hankalinsa ke tare da shi, to yaya wanda gigin tsufa ya kama, ko mai taɓin hankali, ko wanda aka haifa da ƙarancin fahimta? A nan ne maganar ta fi nauyi, kuma a nan ne fuƙaha'unmu suka yi taka-tsantsan ƙwarai. Duk wanda ya karanci babin hajru a littattafan Malikiyya, wato babin hana mutum tasarrufi da dukiyarsa, zai ga cewa baligin da rushdinsa ya tabbata, wato iya kula da dukiyarsa, ba a cire shi daga wannan matsayi da zato ko da son zuciyar dangi; mutumin da wauta ta same shi bayan ya riga ya mallaki al'amarinsa, alƙali ne ke da ikon yi masa hajru, ba wansa ba, ba ɗansa ba; wanda haukansa ke zuwa yana tafiya, abin da ya zartar a lokacin da ya farfaɗo zartacce ne; waliyyi kuwa ba mai dukiya ba ne, mai riƙon amana ne, ba ya taɓa ta sai da abin da yake maslaha ga mai ita, kuma Suratun Nisa'i ta yi umurni da kafa shaidu ranar da ake mayar wa maraya dukiyarsa. Abin lura ne cewa a shekara ta 2005 majalisar dokokin Birtaniya ta kafa wa Ingila da Wales doka a kan wannan mas'ala, kuma ginshiƙanta sun yi kusa da abin da muka gada: a ɗauka baligi yana iya yanke wa kansa hukunci har sai an tabbatar da akasin haka, a bi duk hanyar da za ta taimake shi ya fahimta kafin a ce ya kasa, kada a ce ba shi da hankali don kawai ya zaɓi abin da wasu ke gani kuskure ne, in kuma dole ta sa a yanke masa, a yanke abin da ya fi zama maslaha gare shi, ta hanyar da ta fi ƙarancin tauye 'yancinsa. Dokar ta kuma lura da abin da duk mai jinyar tsoho ya sani, cewa hankali ba ya tafiya gaba ɗaya rana ɗaya. Tsohuwar da ba ta iya lissafin kuɗin hayar gidanta tana iya sanin zanen da take so ta ɗaura, da jikar da take so ta kwana a ɗakinta, da cewa ba ta son a kai ta birni. Kasawarta a kan na farko ba ta halatta a ƙwace mata sauran ba.

Na daɗe a kan dukiya ne da gangan, domin cin amanar da ya fi yawa a gidajenmu ba duka ba ne, ba zagi ba ne, cin dukiya ne da sunan kulawa. Katin cirar kuɗin ɗan fansho yana aljihun ɗansa, shi ke cira shi ke kashewa, ba rubutu ba bayani. Gonar da mai taɓin hankali ya gada 'yan'uwa suna nomawa shekara da shekaru, shi kuwa yana yawo da tsumma. Ana ɗaukar babban yatsan wanda bai san abin da ake ciki ba a dangwala a takardar sayar da gida. Maganin wannan ba mai tsada ba ne. Duk wanda ke riƙe da kuɗin wani ya sayi ɗan littafi, ya rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita, ya riƙa nuna wa wani amintacce daga cikin dangi, kuma ya riƙa karanta wa mai kuɗin ko da yana zaton ba zai riƙe ba. Mai gaskiya ba ya ƙin lissafi, hasali ma shi lissafin ke karewa ranar da aka zo rabon gado aka fara zarge-zarge.

Sai kuma wanda ciwo ya kwantar, misali wanda hawan jini ya shanye wa ɓarin jiki, irin majinyacin da ya yawaita a gidajenmu yanzu. Ma'aikatan jinya suna horo da a riƙa juya shi kamar bayan kowane awa biyu, dare da rana, domin fatar da nauyin jiki ya danne ta tsawon lokaci jini yana yanke mata, sai ta mutu ta zama gyambo, kuma gyambon kwanciya yana iya kashe wanda ciwon asali ya bari. A riƙa duba diddige, da ƙugu, da kafaɗa, da ƙarshen ƙashin baya. A baƙar fata ba lalle a ga ja ba, sai dai a ga wurin ya ƙara duhu, ko a ji ya yi ɗumi ko tauri. A sa matashi tsakanin gwiwoyi, a miƙar da zanen gado kada ya tattare, kada a bar shi cikin jiƙa. In za a ba shi kunu a tayar da shi zaune, a ba shi kaɗan kaɗan, a jira ya haɗiye, domin ƙwarewa ga irinsa tana kai abinci cikin huhu. Wannan shi ne ilimin aikin. Ladabinsa kuwa shi ne a yi sallama kafin a shiga ɗakinsa ko da ba ya iya amsawa, a ce, "Baba, zan juya ka yanzu," ko "Inna, ga ruwa, da ɗumi, zan fara da hannu," a saki labule, a fitar da yara da 'yan dubiya, a buɗe gaɓar da ake wankewa kaɗai a rufe sauran, namiji ya yi wa namiji mace ta yi wa mace matuƙar akwai hali, domin cuta ba ta ɗauke hukuncin al'aura ba, kuma ba ta ɗauke kunya ba. Kada a yi hirar ƙazantarsa a gabansa. A tuna masa lokacin salla, a kawo masa abin taimama in alwala ta gagara, a fuskantar da shi alƙibla in ya yiwu. Duk abin da yake iya yi da hannunsa mai lafiya, ko da riƙe cokali ne, ko da zai ɓata lokaci ya ɓata riga, a bar shi ya yi, domin hannun da aka hutar da shi kullum ƙara mutuwa yake yi.

Akwai kuma abin da ba shi da daɗin faɗi, amma ɓoye shi ya fi muni. A watan Satumba na shekara ta 2019 'yan sanda suka shiga wani gida a Rigasa ta Kaduna suka fito da mutane fiye da 300, manya da yara, da yawansu da mari a ƙafa da tabon duka a baya, kuma cikin makonni kaɗan aka buɗe irinsa a Daura da wasu garuruwa. Iyaye ne suka kai mafi yawansu da hannunsu, wasu saboda shaye-shaye, wasu saboda taɓin hankali, suna biyan kuɗi suna fatan shiriya. A ƙarshen shekarar 2019 ɗin ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar da bincike a kan wurare 28 da ta ziyarta a Nijeriya, ta sami ana ɗaure masu taɓin hankali a gidajen masu maganin gargajiya, da wuraren addini na Musulmi da na Kirista, har da cibiyoyin gwamnati. Kada kuma a ɗauka talauci ko jahilci kaɗai ke haifar da wannan. A Ingila, a shekara ta 2011, wani ɗan jaridar BBC ya shiga wani asibiti mai zaman kansa kusa da Bristol, mai suna Winterbourne View, da ɓoyayyar kyamara, ya ɗauko yadda ma'aikata ke dukan manya masu ƙarancin fahimta suna danne su a ƙasa; ma'aikata 11 suka amsa laifi, aka ɗaure 6, aka rufe asibitin, kuma ta bayyana cewa wani babban ma'aikacin jinya ya riga ya kai kuka ga shugabanni da hukumar sa ido ba a saurare shi ba. Abin da ya haɗa Rigasa da Bristol shi ne ƙofa a rufe, da mutanen da ba a gaskata maganarsu, da masu iko a kansu waɗanda ba mai tambayarsu. Saboda haka duk inda ka kai naka, asibiti ne ko gidan malami, in aka ce ba a ziyara sai da izini, ko ba za ka gan shi shi kaɗai ba, to ka ɗauke shi. In ya ce maka ana dukansa, ka duba bayansa kafin ka ce ciwon ne ke sa shi surutu.

Hanyar da ta fi wannan ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan. Tun a shekara ta 1954 Dakta Thomas Adeoye Lambo ya fara tsarin ƙauyen Aro kusa da Abeokuta, inda majinyaci ke sauka a gidajen mutanen ƙauye tare da wani ɗan'uwansa, yana zuwa asibiti karɓar magani da rana yana komawa cikin jama'a da yamma, tsarin da ya yi suna a duniya, shi kuma Lambo ya kai ga zama mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya. A watan Janairu na 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, ta kuma gindaya sharuɗɗa kafin a tsare mutum ba da yardarsa ba. Asibitocin wannan ciwo suna nan a Barnawa ta Kaduna, da Kware ta Sakkwato, da Maiduguri, da Dawanau ta Kano. Addu'a da ruƙiyya ba su hana zuwa can ba, mari kuwa bai taɓa zama magani ba.

Game da hukuma, doka tana nan. A watan Janairu na 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna bambanci ga naƙasassu, wadda ta yanka tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata shida ga mutum, da naira miliyan ɗaya ga kamfani, ta ware musu kashi 5 cikin ɗari na guraben aikin gwamnati, ta haramta yawo da naƙasasshe don a yi bara da shi, ta kuma ba da wa'adin shekara biyar a gyara gine-ginen jama'a yadda mai keke zai iya shiga. Wa'adin ya cika a farkon 2024, kuma kowa yana iya ƙirga matakalar da ke ƙofar sakatariyar ƙaramar hukumarsu ko ta masallacin Juma'ar garinsu. Ni a ganina, da za a riƙa zama da su kafin a zuba siminti, da an huta da yawan gyara. Muna da Sarkin Makafi da Sarkin Guragu da Sarkin Kutare tun zamanin da, amma sau da yawa ba a tuna su sai ranar rabon hatsi, alhali wakilan jama'a ne da ya kamata a ji ra'ayinsu ranar tsara kasuwa da tasha da asibiti. Waɗanda shan-inna ta naƙasa a Kano, ƙarƙashin jagorancin Malam Aminu Ahmad Tudun Wada, su suka kafa wurin ƙera kekunan da ake tuƙawa da hannu, su kuma suka bi unguwa-unguwa suna roƙon iyaye su yarda a ɗiga wa 'ya'yansu rigakafi, har Allah Ya nufa aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar cutar ta asali a watan Agusta na 2020.

Saura mutum ɗaya da ba a cika ambata ba, ita ce mai jinyar kanta, domin galibi mace ce. Ita ke tashi juyin tsakar dare, ita ke wankin zannuwa, ta bar sana'arta, ta daina zuwa biki da suna, bayanta ya ƙage saboda ɗaga babban mutum ita kaɗai, sannan 'yan'uwan da ke zuwa dubiya ranar Juma'a da lemo a leda su ne masu cewa ba a kula da shi yadda ya kamata. Tsawa da hantarar da majinyaci ke sha a gida sau da yawa ba daga ƙiyayya suke fitowa ba, daga jikin da ya yi watanni bai ƙoshi da barci ba ne. Malamai sun sanya kula da mara lafiyan da ba ya iya yi wa kansa cikin farillan kifaya, kuma ba a ce an sauke faralin kifaya ba in an jibge shi a kan mutum ɗaya har ya durƙushe. Ya kamata dangi su zauna su raba kwana, wanda ke nesa ya ɗauki kuɗin magani da sabulu da abinci, wanda ke kusa ya karɓi dare ɗaya ko biyu a mako, a koya wa mutum biyu ko uku yadda ake ɗagawa da juyawa, a kuma tambaye ta ita ma abin da take bukata. Ya kamata liman da mai unguwa su san gidajen da ake jinya mai tsawo a unguwarsu, kuma hukumomin zakka da waƙafi, irin na Kano da Sakkwato, su sa waɗannan gidaje cikin lissafinsu, domin katifa mai kyau, da keke, da ɗan abin da za a biya wanda zai karɓi mai jinya wuni ɗaya a mako, duk suna cikin abin da dukiyar Musulmi za ta iya ɗauka.